Ƙananan Jemagu: Ina Matsayinsu a Cikin Dangin Jemage?

Mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12 sun san jemagu iri biyu: manya masu lilo a bishiya suna shan mangwaro, da ƙanana masu fitowa daga cikin silin da magariba suna farautar ƙwari. Jemage dai ba tsuntsu ba ne, dabba ce mai haihuwa da shayarwa. Masana na kiran danginsa Chiroptera, kuma akwai nau'i sama da 1,400 a duniya.

Tsohon rabo

A shekarar 1875 masanin dabbobi George Dobson ya kasa jemagu gida biyu: Megachiroptera, wato manya masu cin 'ya'yan itace, da Microchiroptera, wato ƙanana. Manyan sun fi dogara da ido da hanci. Su kuwa ƙananan, wata siririyar ƙara suke fitarwa, wadda galibi kunnen mutum ba ya ji, sai su gane abin da ke gabansu daga amsa-kuwwar da ta dawo.

Sabon rabo

Sama da shekara 100 ana kan wannan rabo, sai binciken ƙwayoyin gado ya zo ya nuna ashe kama da wane ba ta wane ba ce. Wasu ƙananan jemagun, kamar masu hanci irin takalmin doki, sun fi kusa da manyan a kan sauran ƙananan. Shi ya sa tun wajen 2001 aka koma sabon rabo: Yinpterochiroptera, da ya haɗa manyan da waɗannan 'yan uwan nasu, sai Yangochiroptera, inda sauran ƙananan suke. Jemagun da ke zama a rufin gidajenmu, irin masu wutsiya a sake na zuriyar Molossidae, suna wannan gida na biyu. Abin mamaki, jemagen Kitti na ƙasar Tailan, mai nauyin giram 2 kacal, a gidan manyan yake.

Me ya shafe mu?

Ƙananan jemagu na rage ƙwari, har da sauro da masu ɓarna a gona, don haka kashe su asara ce. Sai dai a yi hattara. A 1956 an gano wata ƙwayar cuta 'yar uwar ciwon haukan kare a jikin manyan jemagu a tsibirin Legas, har aka sa mata sunan birnin. Kada a bar yara su kama jemage da hannu, babba ko ƙarami. Wanda ya cije shi ko ya yaƙushe shi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan a garzaya asibiti.