Tsofaffin Gidajen Birnin Kano: Daga Gidan Makama zuwa Sarari

Wannan hanya ce ta tafiyar ƙafa a cikin ganuwar Kano, wadda ke ratsa gidajen sarauta da na malamai da na attajirai. Ba ta wuce yawon hantsi guda ba.

Ana farawa daga Gidan Makama, wanda ake dangantawa da Muhammadu Rumfa (1463–1499) tun kafin ya hau gadon sarauta. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi ofis a cikinsa. Yau gidan tarihi ne. Kusa da shi Gidan Rumfa yake, fadar da zuriyar Ibrahim Dabo, Sulluɓawa, ke riƙe da ita tun 1819. Shekarun da ake ba gidajen nan na harsashi ne, domin ginin ƙasa sai da yaɓe, kuma sarakuna sun yi ta ƙari. Ƙofar Kudu ta fadar ma aikin Abdullahi Maje Karofi ce a ƙarni na 19.

Daga fada a nufi Kasuwar Kurmi, sai Sharifai, unguwar da ke danganta kanta da Shehu Magili, sannan Madabo ta Wangarawa. A nan ruwayoyi suka saɓa. Tarihin sarakunan Kano ya sa zuwan Wangarawa a zamanin Yaji (1349–1385), amma littafin asalinsu ya haɗa shugabansu Abdurrahman Zaite da zamanin Rumfa. Ta yiwu ayari fiye da ɗaya ne aka dunƙule.

Ƙarshen hanyar Koki da Sarari ne, wajen iyalan Alhassan Ɗantata (1877–1955). Ba'agale ne haifaffen Bebeji, wanda ya fara da fataucin goro a hanyar Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja, shi kuwa yana da yaran gida da dillalai a karkara tun zamanin goro. Da su ya riƙa saya wa kamfanin Neja gyaɗa daga 1918. A 1929 ya kai kuɗin azurfa a kan raƙuma ashirin bankin Turawa na Kano. A gidansa na Sarari aka binne shi. Sanusi da Aminu 'ya'yansa ne, Aliko Ɗangote kuma jikan Sanusi ne ta wajen uwa.

Gidajen Sarari na iyali ne, ba a shiga sai da sallama da izini. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, yana Nasarawa a wajen ganuwa, don haka ba ya cikin wannan hanya.