Ranar da Bindiga Mai Ruwa ta Faɗa Hannun Talakawa

Manyanmu a nan Gauraka da suka yi zamanin silima da gidajen bidiyo ba za su manta da James Bond ba. A fim ɗinsa Thunderball na 1965, wata ƙungiyar miyagu ta sace bama-baman nukiliya biyu daga jirgin yaƙin Ingila, ta nemi fansar fam miliyan 100. Aka tura Bond, wato Sean Connery, ya yi leƙen asiri ya gano inda aka ɓoye su. Mu kuwa muka yi ta tafi. To, amma mu ma a ƙasar Hausa an taɓa ƙwace wa Ingila babban makaminta, kuma labarin ba shiri ba ne.

Tun kafin su ci ƙasar nan, Turawa sun dogara da 'yan leƙen asiri daga cikinmu. Irin su Adamu Jakada sun riƙa kai musu rahoton garuruwa da halin sarakuna. Abin da ya fi ba su ƙarfi kuwa shi ne bindigar Maxim, wadda kakanninmu suka kira bindiga mai ruwa, don da ruwa ake sanyaya ta. Tana iya fitar da harsashi kusan 600 a minti ɗaya. Da irinta aka ci Kano da Sakkwato a 1903.

Shekara uku bayan haka sai ga Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato. Talakawa da bayi da suka gudo sun taru a can bisa aƙidar Mahadi, tare da wani malami makaho da ya fito daga ƙasar da Faransa ke mulki, ana ce masa Ɗan Makafo. Duk da yawan masu kai tsegumi, Turawa ba su gane ƙarfin taron ba. Ran 14 ga Fabrairu 1906 muƙaddashin Razdan, Hillary, ya tafi da sojoji a kan dawakai don ya kama shugabannin. Mutanen Satiru suka auka musu da gatura da fartanyu da kibau. Aka kashe Turawa uku da sojoji 25, sauran suka tsere suka bar bindiga mai ruwa a fili.

Da a fim ne, ai nan za a ce an gama. Sai dai bindigar tana son harsashi a jere cikin ɗamara, da ruwa, da hannun da aka koya wa aiki da gyara. Mutanen Satiru manoma ne, ƙarfen kawai suka samu. Lugga kuwa ya aiko da runduna daga Zungeru, nan cikin Jihar Nejarmu ta yau, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu kuma ya tsaya a bayan Turawa. Ran 10 ga Maris aka buɗe wa Satiru wuta. An ƙiyasta mutum kusan 2,000 suka mutu. Aka kashe Ɗan Makafo, aka rushe garin, aka hana sake zama a cikinsa.

Jama'a, abin lura a nan biyu ne. Na farko, wanda ya yi nasara shi ke raba sunaye: da Turawa suka rubuta labarin, hafsoshinsu ne jarumai, mutanen Satiru kuwa 'yan tawaye. Ko ba mu yarda da aƙidarsu ba, wanda ya tunkari bindiga da fartanya ba a ce masa matsoraci. Na biyu, mallakar kaya daban, sanin kaya daban. Da yawanmu a unguwar nan iyayenmu daga ƙasar Sakkwato da Zamfara suka zo. Mu tambaye su abin da suka ji game da Satiru tun suna raye, mu kuma tura 'ya'yanmu su koyi yadda ake ƙera na'ura da gyara ta, kada su tsaya a kan riƙe ta kawai.