Yadda kwamfuta ke koyon halin iskar da ke kawo mana ƙura da rairayi

Masu saurarenmu na Kelle da kewayen duwatsun Kutus, da ku 'yan uwa da ke karanta mu daga Agadas, Kano ko Libiya, yau zancen iska ne. A wajen masana, iska da ruwa dangi ɗaya ne: duka biyu kwarara suke, kuma doka ɗaya suke bi. Bafaranshe Navier ya fara rubuta lissafin wannan doka a 1822, Stokes ya ƙarasa shi a 1845. Matsalar ita ce lissafin yana da wuyar warwarewa idan iska ta fara juyi da murɗawa. Har yau akwai kyautar dala miliyan ɗaya, da aka sa tun shekarar 2000, ga wanda zai warware ainihin tambayar da ke cikinsa.

Shi ya sa masana suka riƙe hanya ta biyu: a auna, a tara, a bar ma'aunin ya yi magana.

Wani sojan Ingila, Ralph Bagnold, ya yi wannan aiki a hamadar Masar da Libiya, ya fitar da littafinsa a 1941. Ya gano cewa rairayi ba tashi sama yake ba. Tsalle-tsalle yake kusa da ƙasa, ƙwaya ta faɗo ta bugi wata, ita ma ta tashi. Sai kuma abin da ya fi shafarmu: idan ƙarfin iska ya ninka biyu, rairayin da take ja yana ninkawa kusan takwas. To kun ga dalilin da kwana uku na iska mai ƙarfi ke yi wa gona ɓarnar da wata guda na iska sassauƙa ba ya yi. Kuma nan ne hikimar shingen kalimbo da na kabar goriba da ake kafawa a kan tuddan rairayi a gundumar Gure da Maine-Sorowa don kare kwaruruka. Ba a so shingen ya toshe ƙam. Mai ɗan ƙofofi ya fi, domin yana rage gudun iska ba tare da ta yi murɗa a bayansa ta haƙe gindinsa ba. Da an rage mata gudu kaɗan, sai ta zubar da kayanta.

Ƙura kuwa daban ce, ita tafiyar nesa take. Mafi yawan hazon hunturu da ke rufe mu daga Bodele yake fitowa, a arewacin Cadi, inda tsohon babban tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi, ta fito da ƙarfi, kamar ruwa a bakin tiyo idan an danne shi da yatsa. A 2005 masu bincike sun kafa na'urori a can, suka tabbatar cewa ƙurar ta fi tashi da hantsi, lokacin da zafin rana ke sauko da iskar da ta kwana tana gudu a sama. Tauraron ɗan Adam na Meteosat yana ɗaukar hoton yankinmu a kai a kai, ana ganin ƙurar tana tahowa tun kafin ta iso.

Sabon abu shi ne kwamfuta ta fara koyo da kanta daga waɗannan bayanai. A da, sai an ba ta lissafin Navier da Stokes ta yi ta aiki awa da awanni. A watan Nuwamba 2023 kamfanin Google DeepMind ya bayyana wata manhaja, GraphCast, da aka ciyar da ita bayanan yanayin duniya na shekara 39. Ba a koya mata dokar iska ba, ta dai ga abin da ke biyo bayan wane, sau dubbai. Tana fitar da hasashen kwana 10 cikin ƙasa da minti ɗaya. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai ma ta fara aiki da irin tata a watan Fabrairu 2025. Kamar dai tsohon makiyayi ne da bai yi lakol ba, amma ya kalli sama shekara arba'in.

Sai dai mu ba za mu yi saurin tafi ba. Ita wannan manhaja ta yanka duniya gida-gida, kowane gida kusan kilomita 28. Ai mun sani, a damina ruwa kan sauka a wannan gari ya tsallake na kusa da shi. Hadarin da ke taso mana daga gabas, da guguwar da ke gabansa, sau da yawa sun fi ƙanƙanta da abin da take iya gani sosai. Na biyu, abin da aka auna kaɗai take koya. A gabashin Nijar tashoshin meteyo ƙidayayyu ne: Damagaram, Gure, Maine-Sorowa, Ngigmi, Bilma, tsakaninsu ɗaruruwan kilomita babu ma'auni ko ɗaya. Inda ba a auna ba, cike gurbi ake yi da ƙiyasi.

Don haka ɗan bututun awon ruwan sama da ake kafawa a garuruwa ba kayan wasan yara ba ne. Lambar da mai kula da shi ke rubutawa kowace safiya, ita ce ke hawa zuwa ma'aikatar meteyo ta ƙasa a Yamai, inda cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974, da ACMAD suke. Da irinta ake gwada ko hasashen damina da ake fitarwa kafin shuka ya faɗi daidai a wajenmu.

A ganinmu, hasashen ƙura na kwana biyu zuwa uku abin riƙewa ne, musamman ga direbobin hanyar Tasker, da masu asma, da iyayen jarirai a watannin sanƙarau. Na ranar shuka kuwa, a saurara, sannan a tona ƙasa a ga zurfin laima kafin a fito da iri.