Ladubban filin golf da tufafin da ake shiga da su

Babu filin golf a Baudeta, babu a Tasawa ko Mayahi, amma ƴaƴanmu da ke tafiya ci-rani suna cin karo da shi. Wani ya sami aikin ɗaukar jakar sanduna, wani direba ne da ke kai maigidansa, wani kuma a Turai abokan aiki suka gayyace shi. Kuskure kaɗan a wurin nan yana iya raba yaro da abincinsa, shi ya sa muka tattaro muku ƙa'idojin.

Golf wasa ne na buga ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Cikakken fili ramuka 18 ne, wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Asalinsa ƙasar Sikotilan, inda aka fara rubuta dokokinsa a 1744. Turawan mulkin mallaka suka kawo shi yankinmu. Filin Rayfield na Jos ya samu tun 1913, Kano da Kaduna ma suna da nasu tun zamanin Turawa, na IBB a Abuja kuwa a 1991 aka buɗe shi. A nan gida akwai na Rio Bravo kusa da Yamai, wanda rairayi ne maimakon ciyawa.

Tun daga ƙofa ake duba tufafi. Abin da galibin kulob suke so shi ne riga mai kwala, a yi mata zanzaro, da wandon yadi dogo ko gajere mai kaiwa gwiwa, da bel da safa. Ba a shiga fili da wandon jins, ko rigar ƙwallon ƙafa, ko singileti, ko silifa. Takalmin golf yana da ƴan haƙora na roba a ƙasa. Wanda ba shi da shi, kambas mai tsabta kan wadatar. Babbar riga dai a bar ta sai ranar Juma'a, don hannunta kaɗai ya isa ya harɗe sanda. Mata ma riga mai kwala ce da wando ko siket, kuma yawancin wurare ba su hana dogon hannu ko kallabi. Kowane kulob da nasa tsari, saboda haka a tambaya kafin a je.

Zancen hula ne ke ba mutanenmu mamaki. Mu a wurinmu, shiga gaban manya kai ba hula rashin kunya ne. Can kuwa hular hana-salla ta cikin fili ce saboda rana. Da an shiga zauren kulob ko za a yi musabaha bayan wasa, sai a tuɓe ta. Tuɓewar ita ce girmamawa.

Haka gaisuwa. Mun saba mu hango mutum daga nesa mu ɗaga murya, ina kwana, ina gajiya, ya iyali. To, a filin golf in mutum ya sunkuya zai yi bugu, ko mahaifinka ne, shiru za ka yi, ka tsaya cik har ƙwallo ta tashi. Ba magana, ba tafiya, ba ƙarar salula. Kada ka tsaya gabansa ko daf da bayansa, ka koma gefe. A kusa da rami, inda aka fi gyara wurin, ba a taka hanyar da ƙwallon wani za ta bi, ba a kuma barin inuwa ta faɗa kanta. Wuri ɗaya ake son ihu: in ƙwallo ta kauce ta nufi mutane, wanda ya buga zai ƙwala kira da ƙarfi, “Fo!” Kai da ka ji, kada ka tsaya waige-waige, ka duƙa ka rufe kanka da hannu. Ƙwallon ba ta kai giram 46 ba, amma tauri gare ta kamar dutse.

Ba a son jan ƙafa. Mutum huɗu ne ke tafiya tare, wasansu kan ci kamar awa huɗu, kuma wasu na biye. In ƙwallo ta ɓata, minti 3 doka ta bayar a neme ta. Da 5 ne, aka rage a 2019. In kun tsare wa na baya hanya, sai ku ba su wuri su wuce. Ciyawar da sanda ta ɗaye a mayar da ita a danne, ramin yashi kuma a share sawu da manjagara kafin a bar shi.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, a wasan yau da kullum babu alƙali mai usur. Kowa shi ke ƙirga bugunsa, in ya yi laifi shi zai faɗa da bakinsa. A 1925, a babbar gasar Amurka, Bobby Jones ya ce ƙwallonsa ta motsa alhali alƙalai ba su gani ba, ya ƙara wa kansa bugu ɗaya. Aka tashi kunnen doki, ya sha kaye a wasan raba gardama. Har yau ana ba da labarin.

Wannan ya shafi mai ɗaukar jaka kai tsaye, domin a doka laifinsa na maigidansa ne. In yaro ya ga ƙwallo a wuri marar kyau ya tura ta da ƙafa, shi a ganinsa taimako ya yi, maigida ne za a hukunta, sunansa kuma ya ɓaci cikin abokai. Haka in an sami sanda fiye da 14 a jaka. Don haka, ƙanenmu, ka ƙirga sanduna kafin a fara, ka riƙe tsumma na goge su, ka bi ƙwallo da ido har inda ta sauka, kada ka taɓa ta sai an ce ka taɓa. Kada ka ba ɗan wasan da ba naka ba shawara. Aikin ba na rainawa ba ne: Seve Ballesteros na Sifen da ɗaukar jaka ya fara yana yaro, ya zo ya ci manyan gasanni 5 na duniya. Ka tambayi shugaban masu ɗaukar jaka kuɗin zagaye ɗaya tun ranar farko, ka kuma tafi da gorar ruwanka, don tafiyar takan haura kilomita 6 cikin rana.