Waye Gwani? Daga Kirari Zuwa Takobi

Mai karatu, a da can a ƙauyukan Jibiya irin su Riko, ba a rubuta matsayin ɗan kokawa a takarda. Da kaka ake haɗuwa a dandali, wanda ya yi kaye makaɗa su wasa shi, sunansa ya tsallaka iyaka har Maraɗi. Sai dai kowane gari da gwaninsa, gardama ba ta ƙarewa.

A 1975 gwamnatin Seyni Kountché ta Nijar ta kafa gasar takobi. A Tawa aka fara, Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko. Hukunci ya bar bakin makaɗi, ya koma hannun alƙalin wasa. To gardamar ta mutu? Ina! Tambayi tsofaffin 'yan kallo ka sha labari.