Yadda ake gina tambaya a harshen Sifaniyanci

Sifaniyanci harshen hukuma ne a Sifaniya da akasarin ƙasashen Latin Amurka, haka kuma a Ikwatoriyal Gini, maƙwabciyar Najeriya ta teku, wadda ta sami 'yancin kai daga Sifaniya a 1968. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci daga Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi da ke son koyonsa yakan bi ta littattafai da manhajojin Turanci, sai ya ɗauko ƙa'idar Turanci ya ɗora wa harshen. Alhali a fagen tambaya, Sifaniyanci ya fi kusa da Hausa.

Tambayar i ko a'a: Turanci yana buƙatar kalmar taimako irin su "do", amma Sifaniyanci ba ya buƙata. Kamar yadda "Kana da kuɗi" ke zama tambaya da ɗaga murya kawai, haka "Tienes dinero" ke zama "¿Tienes dinero?". Inda Bahaushe ke rufe magana da "ko?", a can ana cewa "¿no?" ko "¿verdad?".

Alamar rubutu: ana buɗe tambaya da alamar da aka kifa, ¿, a rufe da wadda aka saba. Hukumar kula da harshen, Real Academia Española, ta shar'anta haka a 1754, domin mai karatu ya gane tun farko cewa tambaya ce, tunda jerin kalmomi bai canja ba.

Kalmomin tambaya: qué (me), quién (wa), quiénes (su wa), dónde (ina), cuándo (yaushe), cómo (yaya), cuál (wanne), cuánto (nawa). Dukkansu suna ɗaukar ɗan ɗishi a kan wasali. "Por qué" a rabe na nufin "don me", "porque" a haɗe kuwa "saboda", wato ɗaya tambaya, ɗaya amsa.

Jerin kalmomi: harafi irin "daga" ko "da" yana gaban kalmar tambaya, kamar a Hausa, ba a jefa shi ƙarshe kamar yadda Turanci ke yi. "¿De dónde eres?" daidai yake da "Daga ina kake?", amsa kuma "Soy de Zurmi". Bayan kalmar tambaya aikatau ne ke biyowa: "¿Cuánto cuesta el saco?", wato nawa ne kuɗin buhu.

Wurare biyu ne ke buƙatar lura. "Nawa" ba ya sauyawa a Hausa, amma a Sifaniyanci yana bin jinsi da adadi: "¿cuántos sacos?" buhu nawa, "¿cuántas cajas?" akwati nawa. Sannan akwai ladabi: "tú" na aboki ne da tsara, "usted" na babba da baƙo. A gaban jami'in kwastan, ko wanda aka fara haɗuwa da shi don ciniki, "¿Tiene usted…?" ake cewa, har sai shi da kansa ya sassauta.