Garmaho

Garmaho na'ura ce da ke juya faifai, allura tana bin siririn layin da aka zana a jikinsa har sauti ya fito. Hausa ta aro kalmar daga Turanci. Shi kuwa faifai sunan gida ne: an kira shi haka saboda ya yi kama da faifan da ake saƙawa don rufe ƙwarya.

Tarihi

Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a 1877, amma tasa da gwangwani take aiki. Emile Berliner ne ya kawo faifai shimfiɗaɗɗe a 1887. Faifan zamanin da na juyawa kusan sau 78 a minti, kuma yana fashewa idan ya faɗi. Garmahonsa ba ya buƙatar lantarki, da hannu ake murɗa shi, kuma ana sauya allurarsa ta ƙarfe bayan kowane gefe. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙi a Landan cikin harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai mai juyi 33⅓, sai RCA Victor ya biyo da ƙarami mai juyi 45 a 1949. Daga baya an buga waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos a faifai, kafin kaset ya mamaye kasuwa.

Ire-irensa

Garmahon lantarki ya kasu uku bisa yadda injin ke juya farantin. Akwai mai ƙaramar taya ta roba, akwai mai bel, akwai kuma wanda farantin ke zaune kai tsaye a kan injin. Taya da bel suna bushewa ko su saki, sai an sauya su. Nau'i na uku ba shi da ko ɗaya. Fitaccen misalinsa shi ne Technics SL-1200 na Japan, wanda ya fito a 1972. An daina ƙera shi a 2010, aka dawo da shi a 2016, kuma har yau ana aiki da tsofaffinsa.

Abin da ke sa ya daɗe

Garmahon da ake riƙewa tsawon rai shi ne wanda duk abin da ke cinyewa a jikinsa ana iya cirewa a sa sabo. Allura tana dusashewa, ko da ta lu'ulu'u ce, kuma dusasshiyar allura tana kankare faifai, ɓarnar da ba ta gyaruwa. Don haka ana so hannun ya kasance mai ma'aunin nauyi. Yawancin allurai na buƙatar giram 1.5 zuwa 2.5, alhali garmaho mai arha yakan danna faifai fiye da haka.

Abu na biyu shi ne wuta. Lantarkin Najeriya volt 230 ne mai bugu 50 a daƙiƙa, na Amurka kuwa volt 120 mai bugu 60. Garmahon Amurka da injinsa ke bin bugun wutar zai ƙone idan babu taransifoma. Ko da akwai, faifai mai juyi 33⅓ zai koma kusan 28, murya ta yi nauyi. Wanda ke daidaita gudunsa da kansa bai da wannan matsala, kuma ya fi jure wa janareta.

Kulawa

A garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram, ƙurar hunturu da zafin bazara ne manyan abokan gaba. Ƙura tana shiga layin faifai ta ci allura, zafi kuma yana lanƙwasa shi. Shi ya sa ake rufe garmaho bayan an gama ji, a goge faifai kafin a ɗora, a jera shi a tsaye cikin kwalinsa nesa da rana. Galibin waƙoƙin Hausa da ke faifai ba a sake buga su, saboda haka kowane kwafi da ya lalace ba lallai ne a sami madadinsa ba.